Wane Ne Ɗan Birtaniya? Amsar Tana Cikin Dokokin da Daula Ta Bari

Akwai wata biza da Birtaniya ke bayarwa wadda ake kira bizar asali. Sharuɗɗanta ba su da yawa. Mutum ya kasance ɗan ɗaya daga cikin ƙasashe rainon Ingila, ya kai shekara 17, yana da niyyar yin aiki, kuma ya kawo takardun haihuwa da ke nuna cewa ɗaya daga cikin kakanninsa huɗu haifaffen Birtaniya ne. Idan ya cika waɗannan, sai a ba shi shekara 5 ya zauna ya yi aikin da ya ga dama, ba sai wani kamfani ya tsaya masa ba, daga nan kuma ya nemi izinin zama na dindindin. Ko a wuri ɗaya takardar ba ta ambaci launin fata ba. To amma su wa ke da kaka haifaffen Ingila? Galibi Turawan Ostareliya ne da Kanada da Niyuzilan da Afirka ta Kudu, jikokin waɗanda suka fita suka zaune ƙasashen wasu. Jikan sojan Zariya ko Bauci da ya yi yaƙin Bama a runduna ta 81 ko ta 82 ta Afirka ta Yamma, ya sha ruwan sama da zazzaɓi a kwarin Kaladan da sunan Sarkin Ingila, ba shi da irin wannan ƙofa.

Duk lokacin da aka tayar da zancen mulkin mallaka a Birtaniya, hankali kan tafi kan gumaka da sunayen tituna. A watan Yunin 2020 masu zanga-zanga a Bristol suka tumɓuke gunkin Edward Colston, mai fataucin bayi, suka jefa shi ruwa, aka yi wata da watanni ana ka-ce-na-ce. A ganina wannan shi ne ƙaramin ɓangaren maganar. Inda daular take da rai har yau shi ne cikin dokokin zama ɗan ƙasa, da ma'ajiyar takardun gwamnati, da littafin da ake koya wa baƙo kafin a ba shi fasfo. A can ake yanke wa mutane hukunci, a can kuma ya kamata a yi gyara.

Sai an fara fahimtar cewa ita kanta Birtaniya haɗa ta aka yi. A 1707 aka haɗe majalisun Ingila da Sikotlan, bayan manyan Sikotlan sun zuba dukiya mai yawa a yunƙurin kafa nasu yankin mallaka a Darien, cikin Panama ta yau, suka tafka asara. Babban abin da haɗewar ta ba su shi ne shiga kasuwannin mallakar Ingila. 'Ya'yan Sikotlan suka cika kamfanin da ke mulkin Indiya, suka zama hafsoshi da likitoci da 'yan kasuwa da razdan-razdan. A 1801 aka shigo da Ayalan. Abin da ya sa mutumin Gilasgo da na Landan da na Kadif suka ɗauki suna ɗaya shi ne sarauta ɗaya, da addinin Furotesta, da yaƙe-yaƙe da Faransa, da kuma ribar daula. Yanzu coci-coci sun yi ƙarancin jama'a, Faransa ƙawa ce, daula ta tafi. Ba abin mamaki ba ne da kashi 45 cikin 100 na masu zaɓe a Sikotlan suka ce a raba gari a 2014, kuma a ƙuri'ar ficewa daga Tarayyar Turai a 2016 Sikotlan da Ayalan ta Arewa suka nufi gabas, Ingila da Wels suka nufi yamma.

Ƙidayar jama'a ta nuna yadda sunan bai kafu a zuciya ba. A 2011, kusan kashi 58 cikin 100 na mutanen Ingila da Wels suka ce su 'yan Ingila ne kawai, kashi 19 suka ce 'yan Birtaniya ne kawai. A 2021 alƙaluman suka juye: kusan kashi 55 suka ce Birtaniya, kashi 15 suka ce Ingila. Ba wani juyin tunani aka yi ba cikin shekara 10. Hukumar ƙididdiga ce ta sauya jerin akwatunan fam ɗin a Ingila, ta ɗora Birtaniya a sama, jama'a suka soke wanda idonsu ya fara gani. Ga farar fata ɗan Ingila, sunayen biyu kusan ɗaya ne, bai damu da bambancin ba. Wanda ya damu shi ne ɗan Birmingham mai asalin Pakistan ko ɗan Peckham mai asalin Najeriya, domin shekaru da yawa sunan Birtaniya ne kaɗai ya ga yana da faɗin da zai ɗauke shi.

Faɗin nan daga doka ya fito. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1948 ta ƙirƙiri matsayi ɗaya ga ɗan Landan da ɗan Kingston ta Jamaika da ɗan Ikko: dukkansu 'yan ƙasar Birtaniya da yankunan mallakarta ne, kuma kowannensu na da ikon shiga ya zauna ya yi aiki. Gwamnatin lokacin ba don ƙaunar baƙar fata ta yi haka ba. Kanada ce ta yi tata dokar ɗan ƙasa a 1946, Landan ta ji tsoron kada daular ta wargaje, sai ta nemi igiyar da za ta ɗaure kowa. A wannan shekarar ta 1948, cikin watan Yuni, jirgin ruwa mai suna Empire Windrush ya sauke fasinjoji a Tilbury, kimanin 800 daga cikinsu daga tsibiran Karibiyan, wasunsu tsofaffin sojojin sama da suka yi wa Birtaniya yaƙi. Makonni biyu bayan haka aka buɗe hukumar lafiya ta ƙasa, wadda ta dogara da nas-nas daga Karibiyan da Afirka da likitoci daga Indiya. Daga 1956 hukumar sufurin Landan da kanta ta riƙa zuwa Barbados tana ɗaukar direbobi da kwandastoci.

Mu a Arewa ma ba mu shiga wannan matsayi ba, kuma mutane da yawa ba su san haka ba. Ikko ce aka ɗauka a matsayin ƙasar mallaka kai tsaye. Arewacin Najeriya, tun da Lugga ya kafa tuta a Lokoja ranar 1 ga Janairun 1900, ya ci Kano a Fabrairun 1903 da Sakkwato a Maris, aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a watan Yuli, sunansa a takarda yankin da ake ba kariya. Saboda haka haifaffen Kano ko Katsina wanda ake karewa ne kawai, ba ɗan ƙasa ba. Ya biya haraji da jangali, an ɗebe shi soja, an kai shi aikin tilas a haƙar kuza a Jos lokacin yaƙin duniya na biyu, amma ko a takarda bai kai matsayin haifaffen Ikko ba. Daular tun asali hawa-hawa take da mutane, kuma wannan hawa-hawan shi ne aka dawo da shi gida lokacin da aka ga baƙi sun fara yawa.

An rufe ƙofar ne da dabara, doka bayan doka. Ta 1962 ta ce dole mai shigowa daga ƙasashe rainon Ingila ya sami takardar izinin aiki. Ministan cikin gida na lokacin, Rab Butler, ya rubuta wa 'yan majalisar ministoci cewa amfanin tsarin shi ne za a iya gabatar da shi kamar babu wariya, alhali a aikace kusan waɗanda ba farar fata ba kaɗai zai tare. Ta 1968 ta fi muni. Indiyawan Kenya da suka zaɓi riƙe fasfon Birtaniya lokacin 'yancin kai suka fara tahowa saboda matsin da suke sha, sai gwamnatin Leba ta tura doka majalisa aka zartar cikin 'yan kwanaki, aka ce fasfon ba ya ba mutum shiga sai idan shi ko mahaifinsa ko kakansa yana da alaƙar haihuwa ko rajista da Birtaniya kanta. Ƙasa ta hana 'yan ƙasarta shiga ƙasarsu. A 1973 hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai ta ce wannan wariyar launin fata ce da ta kai matsayin wulaƙanci. Dokar 1971 ta mayar da sharaɗin jinin uwa da uba ya zama ginshiƙin tsarin, bizar asali kuma daga wannan tushe ta fito. Ta 1981, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 1983, ta soke tsohuwar ƙa'idar cewa duk wanda aka haifa a ƙasar ɗan ƙasa ne. Kemi Badenoch, wadda ta zama shugabar jam'iyyar masu ra'ayin riƙau a 2024, an haife ta a Landan a 1980 ta tashi a Ikko, kuma ta tsohuwar ƙa'idar ta sami nata matsayin.

Wannan ba zargin masu adawa ba ne. Ma'aikatar cikin gida da kanta ta sa wani masanin tarihi ya bincika mata, ya rubuta cewa manyan dokokin shige da fice daga 1950 zuwa 1981 an tsara su, ko da ta wani ɓangare, domin rage yawan waɗanda ba farar fata ba a ƙasar. Ma'aikatar ta ƙi sakin rahoton ƙememe, sai a watan Satumban 2024 bayan kotu ta tilasta mata.

Yadda abin kunyar Windrush ya faru, wato abin da aka yi wa waɗanda suka zo tun zamanin wancan jirgi da 'ya'yansu, ya cancanci a bi shi daki-daki, domin a nan ake ganin yadda mantuwa ke zama zalunci. Dokar 1971 ta ce duk wanda yake zaune a ƙasar kafin 1 ga Janairun 1973 yana da izinin zama na har abada. Amma ba a ba su wata takarda ba, ba a kuma buɗe rajistar sunayensu ba, sannan dokar ta ɗora wa mutum nauyin tabbatar da matsayinsa. Da yawa sun shigo suna yara a kan fasfon iyayensu. Shekara 40 babu wanda ya tambaye su komai. A 2010 ma'aikatar ta lalata dubban katunan sauka na tashoshin jiragen ruwa, waɗanda su ne shaidar ranar zuwan wasunsu. A 2012 Theresa May, tana ministar cikin gida, ta ce burinta a ƙuntata wa masu zama ba bisa ƙa'ida ba har su gaji su tafi. Dokokin 2014 da 2016 suka mayar da mai gidan haya da banki da asibiti da ofishin lasin tuƙi masu binciken takardu, mai gidan haya kuma tara na jiransa idan ya yi sakaci. Sai ga dattijo ɗan shekara 60, wanda ya yi firamare a Ingila ya biya haraji duk rayuwarsa, ana ce masa ya kawo shaidar hukuma ta kowace shekara tun daga 1973. Makarantar da ya yi an rushe ta, kamfanin da ya yi wa aiki ya rufe. Wasu suka rasa aiki da muhalli, wani mai ciwon daji aka ce ya biya fam 54,000 kafin a yi masa magani, wasu aka tsare su, kuma gwamnati ta amsa cewa aƙalla mutum 83 an fitar da su daga ƙasar bisa kuskure. Amber Rudd ta ajiye muƙamin ministar cikin gida a Afrilun 2018.

Binciken da Wendy Williams, wadda gwamnati ta naɗa ta duba lamarin, ta miƙa a Maris 2020 ya ce ana iya hango abin kuma ana iya kauce masa, ya kuma gano cewa ma'aikatan ba su san tarihin dokokin da suke aiki da su ba. Ma'aikacin da bai san cewa Jamaika ƙasar Birtaniya ce har 1962 ba, idan ya ga takardar haihuwar Kingston baƙo yake gani. Cikin shawarwari 30 da ta bayar har da a koya wa ma'aikata tarihin daula. A Janairun 2023 minista Suella Braverman ta yi watsi da 3 daga cikinsu. Shirin biyan diyya da aka buɗe a 2019 kuwa, an bar shi a hannun ma'aikatar da ta yi ɓarnar, tana sake tambayar mutane takardun da ta san ba su da su, kuma mutane da dama sun rasu suna jira. Wannan shiri ya kamata a cire shi daga hannunta a ba wata hukuma mai zaman kanta, da lauyoyin da gwamnati za ta biya wa masu nema.

Rashin sanin nan ba haka kawai ya faɗo ba, an yi masa aiki. Lokacin da ake miƙa mulki, ofishin mulkin mallaka ya ba da umarni cewa kada a bar wa sababbin gwamnatoci duk takardar da za ta kunyata Landan ko ta jefa ɗan sanda ko soja ko mai kai rahoto cikin matsala. Aka ware fayil-fayil, wasu aka ƙone aka rubuta takardar shaidar ƙonewa, wasu aka sa a akwatuna masu nauyi aka nutsar a teku, wasu aka loda a jirgi zuwa Ingila. Shekara 50 ma'aikatar harkokin waje tana cewa babu su. Sai da wasu tsofaffi 'yan Kenya da aka azabtar a sansanonin tsare 'yan Mau Mau, masu yi wa mulkin mallaka tawaye, suka shigar da ƙara a Landan a 2009, sannan a 2011 gwamnati ta amsa cewa akwai su a wani gini mai tsaro a Hanslope Park. Daga baya aka gane sun kai kimanin fayil 20,000 daga tsofaffin yankuna kusan 37, har da Najeriya. Hujjar farko da lauyoyin gwamnati suka kawo ita ce wai alhakin azabar ya koma kan gwamnatin Kenya tun ranar 'yancin kai. Alƙali bai karɓa ba. A Yunin 2013 ministan harkokin waje William Hague ya tsaya a majalisa ya amsa cewa an yi azabtarwa, aka biya fam miliyan 19.9 ga mutum 5,228, har da kuɗin lauyoyi a ciki.

Takardun nan yanzu suna ma'ajiyar ƙasa a Kew, cikin Landan. Ɗalibin tarihi a Jami'ar Bayero ko Ahmadu Bello da ke son karanta abin da aka rubuta a kan kakanninsa sai ya nemi biza, ya nuna kuɗi a asusu, ya sayi tikiti, kuma ana iya hana shi. Ba wani abu mai wuya ba ne a ɗauki hoton kowane shafi a sa a intanet kyauta, a kuma aika da kwafi ma'ajiyar Kaduna da Ibadan da Inugu da Nairobi. Kuɗin da za a kashe bai taka kara ya karya ba, kuma wannan aiki ya fi kowane jawabin nadama amfani.

Haka aka yi da matattu. A 2021 hukumar kula da kaburburan yaƙi ta fitar da rahoton cewa aƙalla mutum 116,000, wataƙila har 350,000, galibi 'yan Afirka da Gabas ta Tsakiya da suka mutu a yaƙin duniya na ɗaya, ba a rubuta sunayensu a ko'ina ba, alhali ƙa'idar hukumar ita ce kowane mamaci da sunansa, janar da kurtu daidai. Ministan tsaro Ben Wallace ya nemi afuwa a majalisa. Duk watan Nuwamba ƙasar na taruwa don tunawa da waɗanda suka mutu a yaƙi, kuma labarin tsayuwar Birtaniya ita kaɗai a 1940 shi ne ƙashin bayan yadda take kallon kanta. Amma ba ita kaɗai ba ce. Indiya ta ba da sojoji fiye da miliyan 2, Afirka ta ba da dubban ɗaruruwa, kuma a rundunar Afirka ta Yamma da Hausa ake ba da oda.

Duk wanda zai zama ɗan Birtaniya a yau sai ya ci jarrabawar sanin ƙasa: tambaya 24 cikin minti 45, dole ya ci 18. Littafin da ake karantawa, bugun 2013, yana gaya masa cewa galibi an sauya daga daula zuwa ƙungiyar ƙasashe rainon Ingila cikin tsari. A 2020 masana tarihi fiye da 180 suka sa hannu a wasiƙar neman a janye wannan babi. Suna da gaskiya. Rabuwar Indiya da Pakistan a 1947 ta ci rayukan dubban ɗaruruwa ta raba miliyoyi da gidajensu. An yi yaƙi a Malaya daga 1948 zuwa 1960, an rataye fiye da mutum 1,000 a Kenya, an kashe fursunoni 11 da duka a sansanin Hola a 1959, an harbe mahaƙa kwal 21 a Inugu ranar 18 ga Nuwamban 1949 saboda yajin aiki. Jikan ɗaya daga cikin waɗannan mahaƙa zai iya zama a ɗakin jarrabawa a Manchester yana haddace cewa an rabu lami lafiya. Ƙasar da ke neman sabon ɗanta ya yi mata rantsuwar biyayya bai kamata ta fara da gaya masa abin da ya san ba haka ba ne.

Masu kare daula suna da hujjoji, kuma ba duka ne na banza ba. Suna cewa Birtaniya ta haramta cinikin bayi a 1807, jiragen yaƙinta suka yi shekaru suna sintiri a gaɓar Afirka ta Yamma suka kuɓutar da kimanin mutum 150,000. Gaskiya ne. Suna cewa bauta ba Turawa suka kawo ta Afirka ba, wannan ma gaskiya ne, kuma mu ya kamata mu faɗe shi da bakinmu: daular Sakkwato tana da bayi masu ɗimbin yawa a rinji-rinji da gidajen sarauta. Sai dai Lugga da ya yi shelar yaƙi da bauta bai 'yanta su nan take ba, domin yana bukatar sarakuna da nomansu. Ya ce 'ya'yan da aka haifa daga Afrilun 1901 su ne 'yantattu, ba a soke bautar gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936. Kuma kafin 1807 jiragen Birtaniya sun kwashe 'yan Afirka kimanin miliyan 3. Suna cewa an kawo jirgin ƙasa. Ya iso Kano a 1911, ya amfane mu, amma duk wanda ya dubi taswira zai ga layin daga gonar gyaɗa da ramin kuza ya miƙe zuwa teku. Suna cewa shekara 60 da 'yancin kai ta ishi kowa ya daina ɗora wa Bature laifin rashin wuta da satar dukiyar jama'a. A nan ina tare da su ɗari bisa ɗari. Laifin shugabanninmu namu ne, kuma ba ya goge na Landan.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta cewa ɗan Ingila na yau bai bautar da kowa ba, don me za a ce ya ji kunya. Ba na neman kowa ya ji kunyar abin da bai yi ba. Amma kowane mai rabon gado ya san ba a taɓa dukiyar mamaci sai an fitar da bashinsa, kuma magaji ba ya karɓar gida ya ce bashin ba shi ya ci ba. Ita gwamnatin Birtaniya ma ta san wannan ƙa'ida sarai. Lokacin da aka soke bauta da dokar 1833, an ware fam miliyan 20, kimanin kashi 40 cikin 100 na abin da gwamnati ke kashewa a shekara, aka biya masu bayi diyya. Bayin ba a ba su ko kwabo ba, aka ma tilasta musu ci gaba da aiki kyauta da sunan koyon sana'a har 1838. Bashin da aka ci don biyan wannan kuɗi ya shige cikin basussukan gwamnati, ba a gama biya ba sai 2015, da harajin jama'a, har da na jikokin bayin da ke zaune a Landan. Ƙasar da ta girmama alkawarin bashi na shekara 180 ba za ta ce abin ya yi nisa ba sai idan maganar ta zo kan waɗanda aka zalunta.

Jama'ar ƙasar sun fi gwamnatinsu motsawa. Binciken ra'ayi na YouGov a 2014 ya samu kashi 59 cikin 100 suna alfahari da daula, wanda aka fitar a 2020 ya samu kashi 32. Rishi Sunak, wanda iyayensa Indiyawa ne haifaffun Gabashin Afirka, ya zama firaminista a 2022. Sadiq Khan, mai asalin Pakistan, ya zama magajin garin Landan a 2016. Ƙasashen Turai kaɗan ne za su nuna irin wannan, kuma ban raina shi ba. Amma a lokacin zafi na 2024, bayan kisan yara 3 a Southport da ƙaryar da aka yaɗa cewa baƙo Musulmi ne ya yi, gungun mutane suka far wa masallatai suka cinna wuta a otal ɗin masu neman mafaka a Rotherham suna ihun a dawo musu da ƙasarsu. Mutumin da ba a taɓa koya masa yadda maƙwabcinsa ya zo ba, da sauƙi zai yarda cewa kutse aka yi masa.

Kayan tarihi ma doka ce ta riƙe su. Gidan tarihin Birtaniya yana da kayan masarautar Benin kimanin 900 daga harin da sojojin Birtaniya suka kai mata a 1897, kuma amsarsa kullum ita ce dokar 1963 ta hana shi rabuwa da abin da ke hannunsa. Majalisa ce ta yi dokar, kuma ta taɓa buɗe ƙofa sau biyu: a 2004 don mayar da gawarwaki da ƙasusuwan mutane, a 2009 don mayar da kayan da 'yan Nazi suka ƙwace. Ƙaramin gidan tarihin Horniman, wanda dokar ba ta ɗaure ba, ya miƙa wa Najeriya mallakar kaya 72 a 2022, Jamus ma ta miƙa nata. Shi kuwa Asantehene, sarkin Asante na ƙasar Gana, a 2024 aro aka ba shi na kayan zinare da azurfa 32 da aka kwashe daga fadar kakanninsa a Kumasi, na shekara 3, da sharaɗin a mayar. Gyaran sashe ɗaya na dokar 1963 ya isa ya kwance hannun gidan tarihin Birtaniya.

Wanda ya fi damuna duka shi ne sashe na 40 na dokar 1981, wanda aka yi ta faɗaɗa shi tun 2002. Yana ba ministan cikin gida ikon ƙwace wa mutum zama ɗan ƙasa idan ya ga hakan maslaha ce ga jama'a, muddin mutumin ba zai rasa ƙasa gaba ɗaya ba, kuma tun dokar 2022 akwai yanayin da ba sai an sanar da shi ba. Ana amfani da shi ne galibi a kan waɗanda ake zargi da ta'addanci, kuma ba na tausaya wa ɗan ta'adda. Amma a dubi wa sashen zai iya taɓawa. Wanda iyayensa da kakanninsa duka 'yan Ingila ne, komai munin laifinsa, kotu za a kai shi a ɗaure shi, fasfonsa na nan. Wanda aka haifa a Bradford ko Lewisham, bai taɓa taka Bangaladash ko Najeriya ba, amma dokar can ta ba shi ƙasa ta jinin iyaye, ana iya cire shi da sa hannun minista ɗaya. 'Yan ƙasa biyu, laifi ɗaya, hukunci biyu, kuma abin da ya raba su shi ne inda aka haifi iyayensu. Majalisa na iya taƙaita wannan iko ga wanda ya sami zama ɗan ƙasa ta hanyar zamba a takardunsa, sauran masu laifi kuma a gurfanar da su a kotunan ƙasar da ta haife su ta raine su.